Sanduna Masu Yafiya

Sake-Dawowa ake ce masa a filin gwajin tuƙi, kuma ba ƙauna ce ta sa aka raɗa masa sunan ba. Duk tsawon aikinsa a kujerar gefen direba ya yi shi, hannu a harɗe, fuska a murtuke, yana gwada masu neman lasisi. Ka tayar da mota ta ɗan yi tsalle, ka sake dawowa. Ka manta sigina sau ɗaya, ka sake dawowa. Ka yi ribas tsakanin sandunan nan masu ja da fari, madubi ya shafi ɗaya, ko da iska ce ta taimaka, ka sake dawowa. In mutum ya marairaice ya ce yaushe, amsar ɗaya ce: in ka shirya. Bai taɓa karɓar cin hanci ba, wannan kam a ba shi. Amma kuma bai taɓa kau da kai ga kuskure ba, ko na faɗin yatsa ne. Abokansa suka gajarta sunan suka koma ce masa Sake, abin dariya, mutumin da bai taɓa yin sake ba a rayuwarsa.

A gida ma bai canza zani ba. Takalma a bakin ƙofa sai sun jeru hanci ɗaya. Hoton da ke bangon falo in ya karkata, sai ya bar abinci ya tashi ya gyara shi, sannan ya tsare gida da tambayar wanda ya wuce ta wurin. Matarsa ta daɗe da koyon zama da shi. In ya fara, sai ta ce to, ta shige kicin ta kunna famfo. 'Ya'yansu biyu ne, babban namiji da kowa ke kira Dogo, da ƙanwarsa Auta. Auta ta iya lallaɓa uban, ta san lokacin dariya ta san lokacin ɓacewa. Dogo kuwa zuciyar uban ya ɗauko tsaf, har da yadda jijiyar wuya ke tashi.

Abin da ya raba su a filin gwajin nan ya faru. Dogo yana saurayi ya sami aikin tuƙa babbar motar ma'aikata a wani kamfani, aka ce ya kawo lasisin manyan motoci da wuri ko a ba wani. Ranar gwaji sai ga shi uban ne ke kan aiki. Abokan aikinsa suka ce ya bari wani ya gwada yaron. Ya ce a kan me, don a ce yana tsoron ɗansa? Dogo ya yi tuƙi lafiya lau, tudu da gangare, sai da aka zo ribas madubin hagu ya shafi sanda. Sandar ta yi rawa ta tsaya, ba ta faɗi ba. Duk wanda ke wurin ya kau da kai, ban da mutum ɗaya. A gaban jama'a Sake ya sauko daga mota ya ce wa ɗan cikinsa ya sake dawowa. Dogo ya ce yaushe, Baba, aikin fa ba zai jira ba. Ya ce in ka shirya.

Aiki ya tafi. Da yamma a falo Dogo ya faɗa wa uban maganar da ta tsaya masa a maƙogwaro har tsufa, wai shi ba uba ba ne, tef ɗin awo ne. Ya kwashi kayansa ya bar gidan. Ya koyi gyaran jikin mota, ya buɗe gareji, ya yi aure, duk a bakin Auta uban ke ji. Uwar takan je wurinsa, ta dawo ba ta cewa uffan. Shi kuwa Sake ya kafe a kan abu ɗaya: yaron ya zage shi a cikin gidansa, sai ya tako da ƙafarsa ya nemi yafiya. Ko sunansa ya daina kira, sai dai wancan yaron. Kada kuma wani ya ɗauka bai damu ba. Ya damu, damuwa mai cin rai. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai ya kasa kunne, in ba muryar ba ce sai ya huce a kan wanda ya shigo. Ba abin da yake so a duniya kamar ɗansa ya dawo, amma ta ƙofar da shi ya zaɓa.

Da ya yi ritaya hawan jini ya sa shi gaba. Likita ya ce ya riƙa tafiya, ya kuma rage fushi. Shawara ta biyu dai Sake ya ce likita ya riƙe kayarsa. Ta farkon ce ta sa wani tsohon abokinsa, Mai-Kemis, ya ja shi filin golf, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu, inda yake bugawa duk ƙarshen mako tare da wani tsohon Hedimasta. Sake ya je ne don ya yi musu dariya, manya da furfurarsu suna bin 'yar ƙwallon da ba ta kai ƙwan kaza ba. Aka ba shi sanda ya buga sau ɗaya, ƙwallo ta tashi ta tafi sambal. Shi ke nan ya kamu. Ya ce ga wasan gaskiya, babu roƙo babu alfarma, ka buga daidai ta tafi, ka kuskure ka sha kunya.

Da ya tashi sayen nasa sandunan ƙarfe bai shawarci kowa ba. Ya duba hotunan gwanayen duniya ya ga irin da suke riƙewa, masu siririn kai, sumul a baya, kamar wuƙar shafa bota. Ya ce irin su yake so. Mai kanti ya fara cewa, Baba, ga wanda ya fara wasa da girma akwai wasu da suka fi sauƙi. Sake ya yi masa kallon da yake yi wa mai neman lasisi, mutumin ya haɗiye sauran maganar ya naɗe masa kaya. Su kuwa sandunan nan halinsu ɗaya da mai su. Wurin da ya kamata ƙwallo ta taɓa a fuskar ƙarfen bai fi girman farce ba. Ka same shi, ka ji daɗi har cikin ƙashi. Ka kauce da faɗin yatsa, hannunka ya ɗauki zogi har gwiwa, ƙwallo ta yi dama ta faɗa doguwar ciyawa, ko ta bi ƙasa da gudu kamar ɓera.

To, Sake dai kaucewarsa ta fi samunsa yawa nesa ba kusa ba. A wasan akwai abin da suke kira rangwame, wato wanda bai iya sosai ba a yafe masa wasu bugu don ya iya karawa da gwani. Iya rashin iyawarka, iya girman rangwamenka. Na Mai-Kemis matsakaici ne, na Hedimasta ma haka. Na Sake kuwa, da kaya ne sai an ɗauko amalanke. Mutumin da bai taɓa yi wa kowa rangwame ba, shi ne duk mako ake yi wa mafi girma, ido na ganin ido. Wannan abu na ƙona masa rai. Ya zagi ciyawa, ya zagi iska, ya zagi wanda ya haƙa ramin yashi a inda bai dace ba, ya zagi tsuntsun da ya yi kuka daidai lokacin da ya ɗaga sanda. Abu ɗaya ne bai taɓa zarga ba, sandunan. Mai-Kemis ya taɓa gwada cewa ya canza su, aka daɗe Sake ba ya amsa gaisuwarsa. Daga baya abokan suka koyi dabara. Sai su buga nasu su yi gaba, su bar shi a kwarin da ke kusa da shingen titi, yana saran ƙasa kamar mai haƙa tushen gini.

A haka aka daɗe. Wata rana da la'asar Auta ta shigo tana jan wata doguwar baƙar jaka, tana haki. Ta jingine ta a falo, ta gaida uban, ta ce saƙo ne daga Yaya. Uwar da ke ninke kayan wanki hannunta ya tsaya cak. Sake bai ɗago daga jarida ba, ya ce wane yayan, shi bai san tana da yaya ba.

Auta ba ta san komai game da golf ba, ko kan sanda da gindinta ba ta bambancewa. Dogo ya tare ta ne a bakin gareji, injin feshi na ƙara, ya yi mata bayani a gurguje. Ita kuma baiwar Allah ta tsinci kalmar da zuciyarta ta daɗe tana jira, ta riƙe ta gam, sauran bayanin ya bi iska.

"Baba, Yaya ya ce a ce maka na yafiya ne."

Jarida ta sauko a hankali. Ya sa ta maimaita. Ta maimaita, har da ƙarin gishiri, wai da yana faɗa idanunsa sun yi ja. Jan nan kuwa na feshin fenti ne, amma wa ya tambaya?

Kuna zaton murna ya yi? Ina! Faɗa ya fara, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Shi za a aiko wa neman yafiya a jaka kamar kayan wanki? Ƙafar yaron ta karye ne, ko hanyar gidan ubansa ce ta ɓace masa? Ya yi ta zazzagawa har uwar ta tashi ta je ta kunna famfo, Auta kuma ta sulale. Sai da falo ya zama ba kowa sannan ya jawo jakar ya buɗe.

Sandunan ba su yi kama da nasa ba ko kaɗan. Kawunansu manya ne masu kumatu, gindinsu da faɗi, bayansu a ƙwaƙule kamar cokali. Ya yi tsaki, ya ce yaron nan ko zaɓe bai iya ba. Amma fa ya zaro hankici ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge, ya jera su bisa lamba, ya kuma daɗe yana kallonsu. Washegari ya tambayi matarsa, kamar abin bai dame shi ba, ko makullin ɗakin wancan yaron har yanzu yana cijewa. Kafin azahar ya gyara shi da kansa. Ya riga ya tsara komai a ransa. Zai bar yaron ya ɗan jira, don ya san muhimmancin abin, sannan ya aika a kira shi. Zai zaunar da shi a falo ya lissafa masa laifinsa tiryan-tiryan, daga nan ya yafe. Har yadda zai ɗora hannu a kafaɗarsa ya gwada a gaban madubi. Matarsa ta gan shi ta ƙofa, ta koma kicin tana share ido da bakin mayafi.

A ƙarshen mako Sake ya iso fili da sabuwar jaka yana hura hanci. Tun kafin a gama gaisawa ya sanar, da muryar da masu atisaye a can gefe ma suka ji, cewa wancan yaron dai ya sauko, ya aiko neman yafiya, ga shaida nan a jaka. Ya ce shi kuma ya yafe, don shi ba mutum ne mai riƙo ba. Jama'a, shi Sake ne ba mai riƙo ba! Hedimasta ya yi hamdala ya kama hannunsa ya girgiza. Mai-Kemis ya leƙa cikin jakar, ya buɗe baki, ya sake rufewa.

Aka fara wasa. Da aka zo inda ake bukatar ƙarfe, Sake ya zaro mai lamba bakwai, ya gyara tsayuwa ya kai bugu. A hannunsa ya ji ya kauce, ƙwallon can wajen bakin ƙarfen ta taɓa. Ya runtse ido yana jiran zogin nan da ya saba. Zogi bai zo ba. Ya buɗe ido ya ga ƙwallo a sama, tana tafiya miƙe, ta sauka kusa da shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da ramin da ake zura ƙwallo yake. Bugu na gaba ƙasa ya fara sara kafin ƙwallo, yadda ya saba, amma faffaɗan gindin ya zame a kan ciyawa maimakon ya nutse, ƙwallo ta tashi abinta. Ranar bai ga kwarin bakin shinge ba. Ya jera da abokansa kafaɗa da kafaɗa, abin da ya manta daɗinsa.

Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Amma Sake ne. Ya fara bayani, wai in zuciya ta yi fari hannu ma sai ya miƙe. Ya ce ashe iyawar tana nan tuntuni, ɓacin rai ne ya danne ta. Kafin a kai rabin fili ya koma gyara wa Hedimasta tsayuwa, yana taɓa masa gwiwa da sanda. Daga nan ya juya kan Mai-Kemis, ya ce shi matsalarsa gaggawa, ya tsaya ya kalli yadda ake yi. Mai-Kemis fa shekaru ya yi yana haƙuri da zagin iska da zagin tsuntsu, ga shi yau da sabbin sanduna da tsohon rangwame Sake ya cinye shi rami bayan rami. Haƙurin ya ƙare.

"Sake, wai me yaron ya ce, daidai yadda ya faɗa?"

"Na yafiya ne. Haka ya ce."

Mai-Kemis ya fashe da dariya har sai da ya dogara da sandarsa. Ya zaro ƙarfen daga hannun Sake ya juya bayansa, ya sa yatsa a cikin ƙwaƙulallen wurin. Ya ce ka ga nan, nauyin da ke tsakiya aka kwashe aka zuba a gefe-gefe, don ko ka kauce kan ba zai murɗe ba. Ka ga faɗin gindin, don mai saran ƙasa aka yi shi. Ka ga yadda kan ya ɗan ja baya daga sandar, don wanda ƙwallonsa ke gudu dama ne. Ya ce nasa ma irin su ne, na Hedimasta ma haka, duk mai matsakaici ko babban rangwame da ya san ciwon kansa irin su yake saye. Sannan ya ƙarasa da abin da ya kamata ya ja shi gefe ya faɗa masa a kunne, amma ya faɗa a fili.

"Sunansu ke nan a kanti, masu yafiya. Suna yafe wa wanda bai iya ba. Kai suke yafe wa, Sake. Ba kai ake roƙo ba."

Hedimasta ya duƙa yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Ran Sake in ya yi dubu ya ɓaci. Kunya ta fara zuwa, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, ga shi ya shelanta wa duniya an nemi yafiyarsa. Kafin ta lafa fushi ya taso ya danne ta. Ashe duk bugun da ya yi yau yana taƙama, ƙarfe ne ke rufa masa asiri? Kuma abin da ya fi ƙona shi, hannunsa ya sani, tun bugun farko ya sani. Ashe yaron ba saukowa ya yi ba, aiko masa ya yi a ce masa bai iya ba? Ga makulli ya gyara, ga hannu ya gwada a madubi kamar wani sakarai. Ya fizge ƙarfensa, ya saɓi jaka, ya ratsa ta tsakiyar filin wasu suna cikin bugu, ya jefa ta a but ɗin mota. A mahaɗar farko ya sha kwana bai sa sigina ba, abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara riƙe sitiyari.

Ba sai an nuna masa garejin ba. Ya sha bi ta layin da sunan hanya ce mai sauƙi, alhali zagaye ne, bai dai taɓa tsayawa ba. Yau ya tsaya. Wuri ne mai rufin kwano, ƙofofin mota a jingine a bango, warin fenti ya cika ko'ina, ana ta bugun ƙarfe da guduma. Dogo na durƙushe gaban wata mota da aka lotsa wa gefe, yana bin lotsawar da 'yar guduma a hankali. Ya ɗago. Sake ya ga furfura a gefen kunnen ɗansa, amma fushi bai bar shi ya tsaya a kai ba. Ya dire jakar a ƙasa har sandunan suka yi ƙara.

Dogo ya miƙe ya goge hannu, ya yi wa ma'aikatansa alama su ba da wuri, sannan ya rusuna ya gaishe shi. Sake bai amsa ba. Ya ce me ya ɗauke shi, tsohon banza da za a aiko wa sandunan marasa iyawa? Zagin farko bai ishe shi ba sai ya ƙara da na biyu, a gaban abokansa? Ya yi ta yi, jijiyar wuya a tashe. Dogo ya bar shi sai da numfashinsa ya fara sarƙewa.

Sannan ya yi magana, ba da ƙarfi ba. Ya ce yakan fita gwada motar da ya gyara ta titin da ke bayan filin. Ya sha ganin shi ta shinge, shi kaɗai a kwari, abokansa sun yi nisa, yana saran ƙasa yana jifa da sanda. Auta kuma ta gaya masa abin da likita ya ce. Ya ce ba ya so wata rana a kira shi a ce an tsinci ubansa a faɗe a cikin ciyawa saboda 'yar ƙwallo. Shi ya sa ya je kanti ya kwatanta yadda yake bugu, mai kanti ya ce a ba shi masu yafiya. Abin da ya gaya wa Auta ke nan.

"Ta ce neman yafiya ka aiko," in ji Sake.

"Ban faɗa ba."

"To ni na riga na ce na yafe maka. A gaban mutane na faɗa."

Ya faɗe ta ne kamar mai miƙa kyauta, yana jiran a sa hannu biyu a karɓa. Dogo ya dube shi, sai ga jijiyar nan ta tashi a wuyansa, irin ta uban sak.

"Ka yafe mini me, Baba?"

Sake ya ce zagin, mana. Tef ɗin awo.

Dogo ya ce maganar ta yi muni, ya sani, bai kamata ta fito daga bakinsa ba. Amma shi ma akwai abin da ya kwana da shi ya tashi da shi duk shekarun nan. Ya ce ba aikin ne ya fi yi masa ciwo ba, ga shi Allah ya ba shi wani. Abin da bai manta ba shi ne, ranar da ya sauko daga motar nan ya duba fuskokin mutane, baƙi duk sun tausaya masa, fuska ɗaya ce babu komai a cikinta. Ya ce ya jira a falo da yamma, ko kalma ɗaya, ko a ce masa sannu. Abin da ya samu shi ne bayanin yadda ake duba madubi.

Sai a lokacin Sake ya gane. Shi yana can yana kasa kunne a ƙofa, ashe a nan ma wani ke kasa nasa, kuma abu ɗaya suke jira. Ga ɗansa a gabansa, tsakaninsu bai fi tsawon sanda ba, kalmar kuma gajeriya ce, ƙaramin yaro ma ya iya ta. Ya buɗe baki da niyyar faɗinta, wallahi da niyyar faɗinta ya buɗe. Amma harshen da ya shekara yana abu ɗaya ba ya juyawa a yini guda. Abin da ya fito shi ne:

"Amma ai sandar ta motsa."

Kai, wannan mutum! Da ƙarfe ne shi, da an mayar wa mai kanti.

Dogo ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce ta motsa, Baba, ba ta faɗi ba. Ya duƙa ya tattara sandunan da suka zube, ya mayar da su jaka, kuma bisa lamba ya jera su, don shi ma ɗan gidan ne. Ya saɓa ya kai but ɗin motar uban ya sa ya rufe. Ya ce ya riƙe su ya yi wasa da su, ba zagi ba ne, kuma ba roƙo ba ne. Ya ce ƙarfen ne aka ƙera da yafiya, shi mutum ne, tasa sai an nema.

Ya buɗe wa uban ƙofar mota. Sake ya shiga ya zauna a bayan sitiyari, fushi da baƙin ciki sun cushe masa ƙirji, ya rasa wanda zai zaga. Babu iska, babu tsuntsu, babu ramin yashi. Dogo ya rufe ƙofar a hankali, ya sunkuyo ta taga.

"Ka sake dawowa, Baba."

Sake ya ɗago ya dubi ɗansa. Ya san tambayar da ke biye, ya ji ta daga bakin mutane ba adadi, bai taɓa sanin haka take da nauyi ba. Muryarsa a dushe ya yi ta.

"Yaushe?"

"In ka shirya."